Shin zuma da sauran kayan amya suna ƙarfafa garkuwar hanji?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin lafiya da ke cikinmu ku taimaka mini da bayani. Kwanakin nan duk inda mutum ya leƙa a Facebook da WhatsApp tallar haɗin zuma ake yi, wai an gauraya ta da furofolis (wani danƙo na cikin amya) da abincin sarauniyar zuma da garin fure. Suna cewa yana wanke dattin ciki, yana ƙarfafa garkuwar hanji, har olsa da taifod ba sa zama a jikin mai sha. Kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne. Maigidana ya daɗe yana fama da kumburin ciki da yawan gyatsa, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Da gaske zuma na da wani aiki a kan garkuwar hanji, ko dai zaƙin bakin 'yan kasuwa ne?

Anti Fa'iza:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Ni ina sayar da irinsa, kuma ba na ɓoyewa. Wallahi mutane da yawa sun dawo suna sa mini albarka. Abin da Allah da kansa ya ce akwai waraka a cikinsa, me kuma za a tsaya tambaya? Ki gwada kwalba ɗaya, gani ya kori ji.

Ustaz Habibu:
Ayar tana cikin Suratun Nahl, aya ta 69, kuma babu musulmin da ke shakkar ta. Akwai kuma hadisin Abu Sa'idil Khudri a Bukhari da Muslim, na mutumin da ya zo ya ce ɗan'uwansa na fama da gudawa, Manzon Allah (SAW) ya ce a shayar da shi zuma. Ya koma ya dawo ya ce abin ƙaruwa ma ya yi, aka sake cewa a ba shi, har daga ƙarshe ya warke. To amma Anti Fa'iza, a yi hattara. Ibnul Ƙayyim da ya yi sharhin wannan hadisi a Zadul Ma'ad ya ce gudawar mutumin ta cushewar abinci ce, kuma maimaita shayarwar na nuna cewa magani yana da gwargwado daidai da ciwo. Ƙurɗubi ma ya kawo saɓanin malamai a kan ko warakar ta kowace cuta ce ko ta wasu cututtuka. Wato tun can malamanmu ba su ɗauki abin a matsayin a ɗirka wa kowa ko me ke damunsa ba. Sannan zuma aka ambata. Wanda ya zuba abubuwa biyar a kwalba ya sa mata kuɗi, ba zai rataya wa Alƙur'ani haɗin nasa ba.

Anti Fa'iza:
Malam ai duk daga amya ɗaya suke fitowa.

Nura:
Bari in ɗan shimfiɗa yadda abin yake, tun da fannin da nake karanta ke nan a jami'a. In ba mu san mece ce garkuwar hanjin ba, kowa zai iya sayar mana da komai da sunanta.

Hanji shi ne wurin da jiki ya fi cuɗanya da abin waje, domin duk abin da ka haɗiye, mai kyau da marar kyau, ta nan zai bi. Shi ya sa babban kaso na ƙwayoyin garkuwar jiki a bangonsa suke zaune. Da farko akwai wani yauƙi da ya lulluɓe bangon, yana hana bakteriya manne masa. Bayan yauƙin sai ƙwayoyin bangon kansu, jeri ɗaya tak, liƙe da juna. A ƙarƙashinsu, musamman can wajen ƙarshen ƙaramin hanji, akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ke ɗaukar samfurin abin da ke wucewa, su tantance wanne ne abokin gaba wanne ne abinci. Daga nan ake samun sinadarin kariya mai suna IgA, wanda jiki ke zubawa cikin hanji kullum, ya kama ƙwayoyin cuta tun kafin su taɓa bango.

Sai kuma bakteriya masu amfani, waɗanda mafi yawansu a babban hanji suke. Wani lissafi da aka yi a 2016 ya ƙiyasta bakteriyar jikin babban mutum kimanin tiriliyan 38, kusan dukkansu a can. Aikinsu ya fi abin da muke zato. Suna cinye wuri da abinci ta yadda mugayen ba sa samun masauki. Suna sarrafa abin da mu ba ma iya narkarwa, wato faiba, irin dusar gero da ɓawon wake da yauƙin kuɓewa da kuka, su mayar da shi wasu sinadarai, musamman wanda ake kira butiret. Shi butiret ɗin shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanji, kuma yana ƙara yawan wasu ƙwayoyin garkuwa da aikinsu shi ne kwantar da kumburi. A nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Garkuwar hanji mai kyau ita ce wadda ta san wanda za ta kai wa hari da wanda za ta ƙyale. In ta yi zafi fiye da kima ita kanta ciwo ce, hanjin take ci.

To yanzu tambayar ita ce, me ke isa can daga cikin zumar da aka sha? Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma suga ne, galibi furuktos da gulukos, sai ruwa kashi 17 zuwa 18. Wannan sugan yawancinsa tun a ƙaramin hanji jini ke ɗauke shi. Abin da ke wucewa zuwa babban hanji ɗan kaɗan ne: wasu nau'o'in suga masu sarƙaƙiya da ba sa narkewa da wuri, da sinadaran tsirrai da ƙudan zuma ya kwaso daga fure. An gwada su a ɗakin gwaji, an ga suna ƙara yaɗuwar bakteriya masu amfani irin su Bifidobacterium da Lactobacillus. An ga alamun haka a ɓeraye ma. A jikin mutum kuwa binciken kaɗan ne, kuma ƙanana.

Maman Hanifa:
Kai Nura, Allah ya ƙara basira. Ke nan akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Nura:
Akwai, Maman Hanifa. Sai dai ƙamshin bai kai yawan tallar ba.

Malam Sani Mai Amya:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma a hannun mahaifina na gaji kiwon zuma, kuma yanzu ina da amya ta gargajiya da akwati na zamani. Wannan abin da kuke kira furofolis mu mun san shi, wani danƙo ne mai duhu da suke ɗebowa daga jikin itatuwa suna toshe kafofin amya da shi. In rana ta yi zafi yana liƙe wa mutum a yatsa, da sanyin hunturu kuma ya ƙandare har ya riƙa karyewa. Na taɓa buɗe akwati na tarar da ƙaramin ƙadangare ya shiga sun kashe shi, ya fi ƙarfin su fitar da shi, sai suka shafe shi da danƙon nan tun daga kai har wutsiya. Ya bushe ƙayau, ko wari babu. Tun daga ranar na san akwai wani sirri a cikinsa na hana ruɓewa. Don haka kada a ce babu komai.

Dakta Zainab:
Malam Sani, abin da ka gani gaskiya ne, kuma masana sun tabbatar da shi. Danƙon yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma an ware wasu sinadarai daga cikinsa da suka rage kumburin hanji a ɓerayen da aka sa wa ciwon da gangan. Matsalar ita ce danƙon ba iri ɗaya ba ne. Na Turai daga wasu itatuwan ƙasar sanyi yake, koren na Birazil daga wani tsiro na can, naka kuma daga itatuwan dajinmu. Abin da aka gano a na Birazil ba lallai ya kasance a naka ba, ballantana wanda ke cikin kwalbar da ba a rubuta daga ina ya fito ko nawa aka zuba ba.

Bari in faɗi abin da na sani game da zumar kanta a wajen marasa lafiya. Inda ta fi nuna kanta a fili shi ne a kan gyambo da ƙuna, har akwai zumar da aka tsabtace musamman don asibiti. Dalilan an san su: yawan suganta na tsotse ruwan jikin bakteriya, tana da tsami a ɓoye a ƙarƙashin zaƙin, kuma ƙudan zuma na zuba mata wani sinadari da in ta haɗu da ɗan ruwa yake fitar da haidurojin feroksaid, mai kashe ƙwayoyin cuta, a hankali. Tana kuma sauƙaƙa tarin dare ga yaran da suka wuce shekara ɗaya. Amma a kan gyambo zumar na nan zaune da ƙarfinta. A ciki kuwa ruwan ciki da na hanji sun tsarma ta, sugan da ke aikin ya shige jini.

Game da gudawa, akwai wani bincike da likitoci biyu, Haffejee da Moosa, suka yi a Durban ta Afirka ta Kudu, aka buga a 1985. Sun sa zuma a madadin gulukos cikin ruwan gishiri da suga, suka ga yaran da gudawarsu ta bakteriya ce sun fi saurin warkewa. Ku lura, a cikin ruwan gishirin aka sa ta, a asibiti, da awo. Abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne, kuma zuma tsagwaronta ba ta mayar da gishiri. In aka yi mata yawa ma ƙara gudawar take yi.

Olsa kuma, mafi yawanta wata bakteriya ce mai suna H. pylori ke kawo ta, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka samu kyautar Nobel a 2005 saboda gano ta, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak. Zuma na hana wannan bakteriya tsiro a faranti a ɗakin gwaji. Da aka ba mutane masu ita suka sha, ba ta kore ta ba. Taifod kuwa don Allah kada wanda ya yi wasa da ita. In aka bar ta ta yi makonni huda hanji take yi, kuma ba sau ɗaya ba na ga an kawo yaro ciki ya kumbura tim, sai tiyata, bayan an ɓata lokaci a gida da jiƙe-jiƙe.

Anti Fa'iza:
Ku dai 'yan boko sai abin da Bature ya sa wa hannu. Da maganin kamfani ne da tuni kun yarda. Kuma kayana da lambar NAFDAC.

Dakta Zainab:
Anti Fa'iza, ba maganar Bature ba ce. Da yawa daga masu binciken zuma a yau musulmi ne, a Malesiya da Masar da Saudiyya. Jami'ar Sains Malaysia ta yi shekaru tana bincike a kan zumar dajinsu mai suna Tualang, kuma su ma in sun rubuta sakamako cewa suke a ƙara gwaji a kan mutane. Maganin kamfani ma ina yaƙi da shi kullum in an sha ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ɗabi'a tamu ta duk wanda cikinsa ya juya sai ya je kemis ya sayi filajil da tetarasaikilin, ita ce ma ta fi komai ɓarnata bakteriya masu amfanin da Nura ya yi bayani. Lambar NAFDAC kuma ki duba jikin kwalbar da kyau. Yawancin kayan gargajiya rajistar da ake musu ta cewa ba su da guba ce, kuma za ki ga an rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba.

Abin da ya fi damuna a haɗin nan shi ne abincin sarauniya da garin fure. Dukkansu suna iya tayar da borin jini mai tsanani, musamman ga mai asma. A Ostareliya an taɓa rasa rai saboda abincin sarauniya, shi ya sa suke tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwalba. Kina tambayar masu saye ko suna da asma kafin ki ba su?

Anti Fa'iza:
Gaskiya ba a taɓa ce mana mu tambaya ba. Zan riƙa tambaya. Amma ni dai na ga waɗanda suka ji daɗinsa.

Isufu Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu ana ji da zumar magarya ƙwarai, kuma alhazai na zuwa da ta Yaman wadda ita ma ta magarya ce, kuɗinta ya ninka namu nesa ba kusa ba. Wani ɗan'uwana da ke Faransa kuma ya aiko wa tsohuwarmu wata wai Manuka. Shin bambancin kuɗin nan yana da nasaba da aikin da take yi a ciki?

Nura:
Malam Isufu, Manuka daga Niyu Zilan take, sunan itacen da ƙudan ke sha ne. Abin da ya bambanta ta shi ne wani sinadari mai kashe bakteriya da ake kira MGO, wanda masu bincike a Dresden ta Jamus suka bayyana a 2008, kuma shi ake aunawa a rubuta lamba a jikin kwalba. Amfaninta da aka fi tabbatarwa a kan rauni ne. Babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna ta fi zumar magaryarku gyara hanji. Abin da aka sani dai shi ne zuma mai duhu ta fi yawan sinadaran tsirrai fiye da fara, kuma kowace zuma halin furen da aka yi ta da shi take ɗauka. Ta ɗorawa daban, ta kaɗanya daban, ta darbejiya ma har ɗaci-ɗaci take yi.

Akwai wani abu mai ban sha'awa kuma. A 2008 wasu masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin sun gano bakteriya masu amfani, dangin na nono, suna zaune a cikin jakar da ƙudan zuma ke tara ruwan fure a jikinsa. Ana samunsu da rai a sabuwar zuma, amma da zumar ta nuna ruwanta ya ragu sai su mutu. Saboda haka mai cewa zumar kwalba cike take da bakteriya masu rai bai faɗi daidai ba. Mai neman wannan ya sha kindirmo.

Malam Sani Mai Amya:
To ai kafin a kai ga ta Yaman da ta Turai, a fara tambaya ko abin da ke cikin kwalbar zuma ce ma. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ana dafa suga ya yi ja, a zuba 'yar zuma kaɗan don ƙamshi, a jefa guntun saƙa da mataccen ƙuda ɗaya a sama don mai saye ya yarda. Wannan gwajin ashana da na ɗiga ta a ruwa da na cewa tururuwa ba ta hawa, duk masu haɗin sun san su, sun kuma san yadda za su ci jarrabawar. Sannan mu kanmu masu amya da laifinmu. Wanda ya hau itace da dare da damin wuta, ya ƙone ƙudan, ya kwaso saƙa da 'ya'ya da toka, ya zo ya ɗora a tukunya don ya raba ta da kaki, ya ba ka zuma ta gaske amma ya kashe ta da zafi. Ni hayaƙi kaɗan nake sa musu, in zaɓi saƙar da suka rufe bakinta da kaki, in matse a kyalle mai tsabta ba tare da wuta ba. Wadda ba su rufe ba ruwa ne da ita, in ka ajiye za ta yi kumfa ta yi tsami. Kuma don Allah a daina dawo mana da zuma wai ta daskare don haka suga ce. Zuma ta gaskiya tana daskarewa, musamman da sanyi.

Nura:
Malam Sani ya yi magana irin ta masana. Zafi na lalata sinadarin nan da Dakta ta ce yana fitar da haidurojin feroksaid. Ma'aunin ƙasa da ƙasa ma ya ce ruwan zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100, daidai da abin da ya faɗa game da saƙar da ba a rufe ba.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai. To Dakta, shi maigidan nawa fa, in ba shi zumar zalla ke nan in bar haɗin?

Dakta Zainab:
Maman Hanifa, a nan sai an lura. Zuma ta fi yawan furuktos a kan gulukos, kuma mutane da yawa hanjinsu ba ya iya ɗauke furuktos duka in ya yi yawa. Ragowar sai ta gangara babban hanji, bakteriya su sarrafa ta ta zama iska. Shi ya sa a tsarin abincin da Jami'ar Monash ta Ostareliya ta fitar don masu yawan kumburin ciki, zuma na cikin abubuwan da ake cewa a rage. Zai iya yiwuwa ki ba shi don ya samu sauƙi abin ya ƙaru. Shawarata ya je asibiti a yi masa gwajin H. pylori, na bayan gida ko na numfashi. In akwai, maganin mako biyu ne. In kuma yana ramewa, ko bayan gidansa na yin baƙi, ko abinci na tsaya masa a ƙirji, ko yana amai, kada a kwana ana shawara.

Ga mai lafiya kuwa, cokali ɗaya a koko ko a shayi a madadin suga abu ne mai kyau, ni ma ina sha. A dai tuna babban cokali ɗaya na ɗauke da suga wajen giram 17, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2015 ta lissafa zuma cikin sugan da ake so a taƙaita, kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba, in an samu rabin haka ma ya fi. Mai ciwon suga kada wani ya ruɗe shi cewa zuma ba ta ɗaga suga. Tana ɗagawa.

In garkuwar hanji ake so, bakteriyar can kamar garken dabbobi suke, harawa suke buƙata kullum da yawa, lasar zuma ba ta ƙosar da su. Harawarsu kuma tana cikin tukunyarmu: wake, gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari tas ba, miyar kuka da kuɓewa, zogale, rama, albasa, gyaɗa, aya, ga nono da daddawa. Abin takaici shi ne mun bar waɗannan mun koma farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba, sannan mu ɗauki kuɗi mai yawa mu sayi kwalbar gyaran hanji.

Inna Kulu:
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Jikata ce ke karanta mini. Ni abin da na sani tun kakanninmu, jariri in ya faɗo ana lasa masa zuma, ta wanke masa ciki ta fitar da baƙin kashin nan, kuma yaro ya tashi da kaifin baki. Haka aka yi mana, haka muka yi wa namu, ga su nan da ransu har da jikoki.

Dakta Zainab:
Inna, barka da war haka, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ina roƙon ki saurare ni a kan wannan, domin duk abin da aka tattauna yau babu wanda ya kai shi muhimmanci. Kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko lasa ce, ko a rubutu, ko a ruwan ɗumi.

Dalilin yana komawa ga bayanin Nura. Akwai wata bakteriya mai suna Clostridium botulinum da ƙwayayenta ke cikin ƙasa da ƙura, kuma wani lokaci ana samunsu a zuma, har mai kyau irin ta Malam Sani. Ni da ke in mun haɗiye su ba abin da zai same mu, saboda bakteriyar hanjinmu sun cika wurin, ba za su bar su su tsiro ba. Hanjin jariri kuwa bai gama samun nasa masu gadin ba. Sai ƙwayayen su tsiro a ciki, su fitar da guba mai shanye jijiyoyi. A Kalifoniya ta Amurka aka fara gane wannan ciwo a 1976, kuma tun daga nan hukumomin lafiya na duniya suke gargaɗi. Tafasa zumar ba ya kashe su.

Gaskiya ne yara da yawa sun lasa ba abin da ya same su, domin ba kowace zuma ke ɗauke da su ba. Amma wanda abin ya faɗa wa, a ƙauye ba wanda zai ce zuma ce. Za a ce iska ce ko maita ko ajali, a binne shi.

Baƙin kashin nan kuma da kansa yake fita, kuma abin da ke taimaka masa shi ne dakashi, nonon farkon nan mai kauri da wasu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau. Dakashi cike yake da IgA ɗin da aka ambata, uwa ce ke miƙa wa ɗanta garkuwarta kafin tasa ta tsaya da ƙafafunta. Nonon uwa har wani suga na musamman gare shi wanda jaririn ba ya narkarwa, an tanade shi ne don ciyar da Bifidobacterium a hanjinsa. Shi ya sa ake cewa nono zalla har wata 6.

Inna Kulu:
To ai ana cewa sunna ce.

Ustaz Habibu:
Inna, abin da ya zo a hadisai ingantattu na tahniki da dabino ne. Haka aka yi wa Abdullahi ɗan Zubair, haka aka yi wa ɗan Abu Ɗalha, Annabi (SAW) ya tauna dabino ya shafa musu a dasashi. Wasu malamai sun ce in babu dabino a sa wani abu mai zaƙi, suka ambaci zuma, wannan ijtihadinsu ne a lokacin da ba a san wannan cuta ba. Yanzu da masana amintattu suka tabbatar da cutarwar, ƙa'idar shari'a a fili take, ba a cutar da kai ba a cutar da wani. Wanda ya bar lasa wa jariri zuma bai bar sunna ba.

Isufu Damagaram:
Wallahi wannan ban taɓa ji ba. Nan ma ana yi sosai, har a ranar suna. Zan tura wa matan gidanmu.

Inna Kulu:
Allah ya sa mu dace. To Likita, wanda aka riga aka ba fa? Akwai jaririyar maƙwabtanmu da aka lasa wa shekaranjiya, kwananta tara a duniya.

Dakta Zainab:
Kada hankalinsu ya tashi Inna, mafi yawan lokuta ba abin da ke biyo baya, kuma babu wani magani ko jiƙo da za a ba ta don wanke zumar, kada ma a gwada. A daina ba ta, a ci gaba da nono kawai, sannan a sa mata ido har wata guda, domin alamun na iya ɗaukar kwana 3 zuwa 30 kafin su bayyana. Yawanci da rashin yin kashi na kwanaki yake farawa. Sai a ga ba ta jan nono da ƙarfi kamar da, kukanta ya yi rauni, fatar idonta na saukowa, yawu na zuba, in an ɗaga ta wuyanta da hannuwanta su yi laƙwas. Sau da yawa babu zazzaɓi, kuma wannan ne ke sa iyaye su yi sakaci. In aka ga ko ɗaya daga ciki a wuce babban asibiti da ita a ranar, kada a tsaya kemis, kuma uwar ta faɗa wa likita da bakinta cewa an ba ta zuma da ranar da aka ba ta.